Neman kalma: yaya za a kira karawar Mishigan da Ohayo da Hausa?

Mai Shirin Wasanni: Assalamu alaikum malamai. Ina da shiri ranar Juma'a, kuma dole in miƙa rubutun gobe kafin azahar. An ce in yi wa masu sauraro bayanin karawar da ake yi duk ƙarshen Nuwamba tsakanin Jami'ar Mishigan da Jami'ar Jihar Ohayo a ƙwallon ƙafar Amurka. Su can suna ce wa irin wannan rivalry game. Na rubuta "wasan hamayya" kamar yadda muka saba yi wa Madrid da Basalona, amma raina bai kwanta ba. Tun 1897 suke haɗuwa, kuma mai horarwa zai iya lashe duk wasanninsa na shekara, in ya faɗi wannan guda ɗaya magoya baya ba za su yafe masa ba. A taimaka.

Bazazzagi: Wasan hamayya ya wadatar. Kunnen jama'a ya saba da shi.

Hajiya Mai Fassara: Wa alaikumus salam ƙanena. Gaskiyarka da ranka bai kwanta ba. Hamayya ta yi faɗi, ko ƙungiyoyin da suka haɗu jiya abokan hamayya ne. Abin da ya ɓace shi ne tsufan abin. Rikicin jihohin nan biyu ya girmi wasan ma, don a 1835 sun ja daga kan wani zirin ƙasa da garin Toledo yake ciki, har kowa ya tura dakarunsa. Ohayo ta samu Toledo, aka ba Mishigan wani yanki a arewa. Uba ya tsani Mishigan, ɗa ya taso ya tarar, jika ma haka. Ni "hamayyar gado" zan ce.

Malam na Damagaram: Kafin ku kai can, ku gyara ta farko. Wace ƙwallon ƙafa? Mutum ya rungumi ƙwallo a ƙirji yana gudu, ku ce ta ƙafa? Muna da zari-ruga, me ya hana a ce zari-rugar Amurka?

Bazazzagi: Allah gafarta Malam, zari-ruga suna ne da wani wasan ya riga ya ɗauka. A wannan ana jifa gaba, ana sa hular kwano, kuma sau huɗu ake ba ƙungiya dama ta ci yadi goma. In aka ce zari-ruga masu sauraro za su zaci wancan ne.

Mai Shirin Wasanni: Zan ce "ƙwallon Amurka" kawai, in cire ƙafar. Mu koma kan ta biyun don Allah.

Ɗan Kurmi: Duk ku saurara. Kalmar tana nan a gabanku: karon kishiyoyi. Gida ɗaya suke, wato rukunin Big Ten. Abu ɗaya suke nema, kofin rukunin. Kuma ba sa kama sunan juna. Woody Hayes, tsohon mai horar da Ohayo, ba ya son furta sunan Mishigan, sai dai ya ce ƙungiyar can ta arewa. Har yau a makon wasan ɗaliban Ohayo suna bin allunan jami'arsu da jan salatif suna soke harafin M duk inda suka gan shi, a jikin gini, a alamar titi. Wace kalma ce ta ɗauki wannan duka in ba kishi ba? Hamayya ba ta da zafi. Karon kishiyoyi, a rubuta a ajiye.

Hajiya Mai Fassara: Ɗan Kurmi, ka yi tunanin wadda take jin rediyo a tsakar gida kuwa? Kishi ba abin wasa ba ne a wurin wadda take cikinsa. Sannan da ka faɗa dariya za a yi, a manta da labarin.

Ɗan Kurmi: Hajiya, kalmar da aka yi wa dariya ita ake riƙewa. Taku ta gado wa zai tuna da ita jibi?

Na Gidan Kallo: Ni ban ga abin wahala ba. A wurinmu dabi muke cewa. Yau akwai dabi, kowa ya gane, benci ya cika.

Malam na Damagaram: Subhanallahi. An zo neman kalmar Hausa, kai ka kawo ta aro. Haka kuke yi a can, duk abin da Bature ya furta sai ku lanƙwasa shi ku ce ya zama namu. Harshen da yake da gaba, da adawa, da takun-saƙa, da karon batta, shi ne zai je bara?

Na Gidan Kallo: Malam, da girmanka, ku a can ba lakwal kuke ce wa makaranta ba? Ba likita muke cewa duka ba? Aron Faransa halal, na Ingila haram?

Malam na Damagaram: Yaro, na koyar da Hausa tun kafin a haife ka.

Bazazzagi: A yi haƙuri Malam, ba raini ba ne. Amma ko ba don aro ba, dabi ba ta dace a nan ba. Ta 'yan gari ɗaya ce ko maƙwabta na kusa, su kuwa tsakanin Ann Arbor da Kolombus, garuruwan da jami'o'in biyu suke, akwai tafiyar kusan kilomita 300.

Ɗan Kurmi: Shi ya sa na ce kishiyoyi.

Mai Shirin Wasanni: Malam ya ambaci gaba, na tsaya a kanta. A 2024 da Mishigan ta ci 13 da 10 a gidan Ohayo, 'yan wasanta sun yi ƙoƙarin kafa tutarsu a tsakiyar fili, aka kaure da dambe har 'yan sanda suka fesa barkonon tsohuwa. Wannan ai ya yi kama da gaba.

Hajiya Mai Fassara: Ya yi kama, amma gaba ta yi nauyi. Bo Schembechler, wanda ya horar da Mishigan, yaron Hayes ne, a ƙarƙashinsa ya yi aiki kafin ya tsallaka. A 1969 ya doke maigidansa 24 da 12, suka shafe shekara goma suna fafatawa har 1978. Da Schembechler ya rasu ana gobe wasan 2006, ranar da ta ɗaya da ta biyu a duk ƙasar suka haɗu Ohayo ta ci 42 da 39, a filin Ohayo aka karrama shi kafin a fara. Mai gaba ba ya yi wa abokin gabarsa haka. Ka duba kuma ɗan wandon zinaren da ake ba kowane ɗan wasan Ohayo duk shekarar da suka ci Mishigan, abin wuya ne ƙarami, tun 1934 ake bayarwa. Mutum ya ajiye, 'ya'yansa su gada. Kalmar gado ba ƙawa na sa ta ba.

Ɗan Kurmi: To Hajiya, rubuta "hamayyar gado" ki ba wanda bai ji bayaninki ba ya karanta. Gadon kwanciya zai gani. Kin ƙi kishiyoyi, kin dawo kansu ta bayan gida.

Bazazzagi: Wannan kam ya kama. A baki ba matsala, jan wasalin ya raba su. A rubuce ne boko ya bar mu.

Malam na Damagaram: Da ana ninka dogon wasali a rubutu da ba a shiga wannan ba. Na sha faɗa.

Mai Shirin Wasanni: Lokaci ya ƙure mini. Ga abin da zan yi: a iska zan ce "wasan hamayyar gado", tunda kunne zai bambance. A sanarwar da za a sa a Facebook zan rubuta "daɗaɗɗiyar hamayya". Na gode Hajiya, na gode Malam.

Malam na Damagaram: Daɗaɗɗiya ta fi, ko da yake ta yi tsawo. Amma ƙwallon Amurka ba suna ba ne, ban yarda da shi ba.

Ɗan Kurmi: Ku je da taku. Ni ranar Asabar karon kishiyoyi zan rubuta a shafina, mu ga wadda jama'a za su ɗauka.