Waɗanda suka taɓa sayen tirelar kwana a Amurka: tsohon kamfani ko sabo?

Baban Hanifa (Ohayo):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara uku ke nan muna hayar tirelar kwana duk hutun yara, irin wadda ake ɗaura wa mota a baya, mai gadaje da kicin da banɗaki. Mu bakwai ne. Ɗaki biyu a otel ya fi ƙarfinmu, ga uwargida ta fi son ta dafa mana namu abincin, mu kuma yi sallarmu a natse. Yanzu na tara abin da zan sayi tamu. Na je wurin diloli biyu. Na farko ya ce in riƙe tsohon suna, na biyu ya nuna min ta wani sabon kamfani, ya ce su ne suka zo gyara ɓarnar manya. Kowa hajarsa yake talla. Don Allah wanda ya saya ya zauna da ita, ya faɗa mana abin da idonsa ya gani.

Maman Sadik (Karolina ta Arewa):
Wa alaikumus salam, Baban Hanifa. Mu a 2021 muka saya, sabuwa dal, lokacin korona da kowa ke gudun otel da jirgi. Wata na huɗu na ɗaga katifar gaba zan canza zani, na ji katakon ƙasa a jiƙe, ga warin funfuna. Ashe tun ruwan farko take yoyo ta kusurwar rufi, inda ba su shafa danƙon ya rufe mahaɗar ba. Muka mayar wa dila. Sati goma sha ɗaya tana ajiye a filinsu, wai suna jiran kamfani ya amince da gyaran, daga nan kuma suna jiran kaya. Duk wata banki na cire kuɗinsa, garantin shekara ɗaya kuma yana ta tafiya alhali ko kwana ɗaya ba mu yi a cikinta ba. Da aka dawo mana da ita, bangon gefen ya riga ya fara kumbura, don ruwan ya raba siririn katakon ciki da fatar waje. Abin da ya fi min ciwo shi ne Sadik yana da asma, kuma a kan wannan katifar yake kwana.

Ka kuma bincika dokar jiharku tun kafin ka sa hannu. Dokar da ke tilasta wa kamfani karɓar sabuwar mota mai matsala, a jihohi da yawa ba ta shafi tirelar da ake ja ba.

Ɗan Maraɗi (Goshen, Indiyana):
Hajiya, Allah ya ba Sadik lafiya. Da na karanta 2021 sai gabana ya faɗi, domin a shekarar ina cikin masu haɗa su. Na yi shekara uku a wata masana'anta a nan yankin Elkhart, inda ake ƙera kusan takwas cikin kowace goma na irin waɗannan tireloli da motocin kwana na Amurka.

Aikin jinga ne. Ba awa ake biya ba, yawan tirelar da ta fita daga layi ake ƙirgawa. Mukan fara tun biyar na asuba, in an cika adadin ranar kowa ya kama gabansa, ko da azahar ba ta yi ba. To ka ga mutum ba zai tsaya yana shafa danƙo a hankali ba alhali mutum ashirin na bayansa suna jira. Akwai ƙwararru, musamman 'yan Amish, wata al'ummar Kirista mai riƙe da tsohuwar rayuwa, da ke zuwa a kan keke, kafintoci ne tun suna yara, na koyi abu da yawa a hannunsu. Amma a 2021 aka fitar da sama da 600,000 a duk ƙasar, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, sai aka riƙa ɗaukar duk wanda ya zo. Yau ka shigo, jibi an miƙa maka bindigar ƙusa. Ni kaina na sha ɗaura sukuru na ji bai kama katakon ciki ba, layi kuma ya riga ya matsa. Har yau abin yana damuna. Zuwa 2023 adadin ya sauko wajen 313,000, mu da yawa kuma an riga an sallame mu.

Game da tambayarka, Malam. Sunayen da kake gani rututu a filin dila, yawancinsu gida uku ne. Thor ce ke da Jayco da Keystone da Airstream. Forest River ta kamfanin Warren Buffett ce, Berkshire Hathaway. Winnebago kuma ta sayi Grand Design a 2016, wadda tsofaffin shugabannin Keystone suka kafa a 2012. Sababbin ma ba baƙi ba ne. Alliance ta fara a 2019, Ember a 2021 a hannun jikar wanda ya kafa Jayco, Brinkley a 2022 a nan Goshen, kuma cikin masu ita akwai Ron Fenech, ɗaya daga waɗanda suka kafa Grand Design. Ma'aikatan ma mu ne dai, wannan ya bar can ya tsallaka titi ya koma nan. Shasi da aksil da firji da esi kuwa ba su suke yi ba, daga wurin irin su Lippert da Dexter da Dometic kusan kowa yake saye. Inda suke bambanta shi ne guda nawa ake fitarwa a rana, da ko ana tsayawa a gwada ruwa da wuta da gas na kowace ɗaya kafin ta bar harabar.

Abu Yusra (Tekzas):
Wannan bambancin na ƙarshe ni na gan shi. Tawa ta ɗaya daga sababbin ce, shekara biyu yanzu. Ba zan ce ba ta da aibi ba, injin ɗakin da ke turowa waje ya tsaya mana a wata na uku, muna can wani sansani nesa da gari. Na kira kamfanin, mutum ne ya ɗauka, ya ce in nemo makanike mai zuwa inda nake su biya. Cikin kwana shida kayan suka iso. Na biya fiye da kuɗin makamanciyarta a wancan filin, amma ban yi da-na-sani ba.

Alhaji Zango (Niyok):
Ɗana Abu, ina taya ka murna, amma bari in ba ka nawa. A 2007 na sayi tawa daga wani ƙaramin kamfani da kowa ke yabo, su ma haka suke ɗaukar waya da fara'a. Tattalin arziki ya karye, a 2009 rashin aiki a Elkhart ya kusa kashi 20 cikin ɗari, har Obama ya je garin da kansa a watan Fabrairu. Kamfanin nawa ya rufe. Murfin gaba ya tsage, na nemi wanda zan riƙe babu, takardar garanti tana hannuna ba ta da amfanin komai. Sana'ar nan in kasuwa ta yi sanyi, ƙanana ne suke fara faɗuwa.

Abu Yusra:
Gaskiya ne Baba, ban musa ba. Sai dai kamar yadda Ɗan Maraɗi ya ce, firji da aksil da famfo ana samunsu ko'ina ko da kamfanin ya mutu. Irin murfin da ka faɗa ne da tagogi masu siffa ta daban za su wahalar.

Alhaji Zango:
Shi ne kuwa ya kashe tawa. Na sayar da ita rabin kuɗi.

Garba Direba (Indiyana):
Ni aikina jan su ne daga masana'anta zuwa wurin diloli da a-kori-kurata, har Kalifoniya na kai. Wannan tafiyar ita ce gwajinsu na farko a kan titi. Na sha buɗe ƙofa a wurin dila in tarar da ƙyauren kabad a ƙasa, garin katako ya cika ko'ina. Tsoho da sabo duk na gani, sai dai wasu sun fi wasu.

Yaya Baban Hanifa, ku bakwai ne, don haka nauyi zai fara cin ka kafin yoyo. Akwai takarda rawaya a jikinta da ke faɗin iya kayan da za ta ɗauka. Galan ɗaya na ruwa ya haura laba 8, tankin galan 40 kaɗai ya cinye maka sama da laba 330 tun ba a sa buhun shinkafa da tukwane da kekunan yara ba. Kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta kuma a kan ƙugiyar motarka yake sauka, ga ku bakwai a ciki. Ka loda ta kamar za ku tafi, ka hau sikelin manyan motoci a gidan mai. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya, biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. Ka sa a buɗe boris a ga ko akwai giris, na taɓa tsayawa a Nebraska taya na hayaƙi saboda an manta.

Anti Rabi (Alberta, Kanada):
Mu mun gaji da lallaɓa rufi, muka koma ta faiba, wadda ake zubawa a mazubi gida biyu a haɗa kamar ƙwarya da murfinta. Ta kamfanin Escape ce, na garin Chilliwack a nan Kanada. A Amurka akwai Casita da Scamp da Oliver masu irin wannan ginin. Mahaɗa kaɗan, yoyo kaɗan. Amma ƙanana ne, mu uku ma a takure muke, ba za ta ɗauke ku ba.

Baban Hanifa:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya na kira dilolin biyu, na ce zan zo da mai duba na kaina wanda ni zan biya, kuma ina son a haɗa mata ruwa da wuta da gas, a bar mu da ita rabin yini kafin maganar kuɗi. Ɗaya ya ce ba sa yin haka sai an sa hannu, na gode masa na ajiye waya. Ɗayan ya ce in zo ranar Asabar. Akwai kuma wata 'yar hannu da wani dattijo ke sayarwa kusa da mu, ya ce duk gyaranta ya gama yi. Ɗan Maraɗi, ina ake ganin ainihin lokacin da aka ƙera ta?

Ɗan Maraɗi:
Gefen hagu ta gaba, daga waje, akwai takarda mai wata da shekara. Ita za ka duba, don sau da yawa an ƙera ta tun kafin shekarar da dila ke faɗa. Ka tafi da tsani da tocila. Ka hau rufin ka bi kowace mahaɗa da yatsa, ka sauko ka taka ƙasan banɗaki da bakin ƙofa ka ji ko yana lotsawa, sannan ka ɗaga katifar gaba kamar yadda Hajiya ta yi. In Asabar ɗin da safe ne, awa huɗu ce tsakaninmu, zan iya zuwa in raka ka.