Masu zama ko aiki a benen katako, yana rawa kuwa?

Bazazzagi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ofishinmu a nan Ingila zai koma wani sabon bene da aka gina da katako, irin faifan nan na CLT da ake manna alluna a gicciye. Da na je dubawa, wani ya wuce ta bayana da sauri, sai na ji daɓen ya amsa a tafin ƙafata. Don Allah wanda ya taɓa zama a irinsa ya faɗa mana, alamar rauni ce ko haka suke?

Injiniya: Wa'alaikumus salam Malam. Auna irin wannan motsi shi ne abincina, kuma ka kwantar da hankalinka, abin da ka ji ba ya nufin gini zai faɗi. Rashin nauyi ne. Katakon da ake wannan aiki da shi nauyinsa bai wuce kashi 1 cikin 5 na kankare ba, don haka takun da kankare zai shanye shiru, shi sai ya amsa.

Mai tafiya yana taka ƙasa kusan sau 2 a daƙiƙa. Kowane daɓe kuma yana da saurin kaɗawarsa. Idan daɓen mai kaɗawa a hankali ne, sai takun ya riƙa ƙara masa kaimi. Shi ya sa ƙa'idar Turai ta ginin katako, Eurocode 5, ta ce daɓen gida da kaɗawarsa ba ta wuce sau 8 a daƙiƙa ba sai an yi masa bincike na musamman.

Yadda muke gwadawa zai ba ka dariya. Mu liƙa ƙananan na'urorin auna motsi a ƙasa, a samu wani ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya yi ɗage, ya saki dunduniya dim! Sai mu zuba wa kwamfuta ido mu ga tsawon lokacin da motsin zai ɗauka kafin ya mutu. Na sha auna daɓe ɗaya kafin a sa bangayen raba ɗakuna da kuma bayan an sa, bambancin ba kaɗan ba ne. Matsalar ofis ke nan: fili fetal, ginshiƙai nesa da juna, ba bangon da zai riƙe.

Hajiyar Oslo: Ni kam na kwana a otal ɗin da ke cikin Mjøstårnet, wani dogon benen katako a garin Brumunddal na ƙasar Norway, bakin tafkin Mjøsa. Hawa 18 ne, mita 85.4, an gama shi a 2019. Da daddare iska ta taso daga tafkin, na kasa kunne ina jiran in ji gado ya motsa, har barci ya kwashe ni. Da safe maigidana yake gaya mini ashe daga hawa na 12 zuwa sama daɓen kankare ne, an sa shi da gangan don ya danne ginin.

Injiniya: Haka ne Hajiya, amma ki lura naki daban ne da na Malam. Shi daɓe ne ke motsi sama da ƙasa, ke kuwa ginin gaba ɗaya ne iska ke so ta kaɗa gefe da gefe, kuma na sama ne suka fi ji. Gwajin wannan ya fi wuya. A aikin binciken DynaTTB an hau da injinan girgiza can saman gine-gine, ciki har da wani mai hawa 7 a Yoker ta Gilasgo, aka kaɗa su da gangan don a san yadda suke shanye motsi, domin lissafin kwamfuta kaɗai ba ya ba da wannan amsa.

Baban Yara: Injiniya, ku dai kuna ta lissafi, mu da ke ciki mu muka san zafin. A hawa na 4 muke a wani gidan katako a Suwidin. Iska ba ta taɓa damunmu ba. Injin wankin maƙwabcinmu na sama ne bala'in. Da zarar ya kai wajen matse kaya, kofunan da ke cikin kabad ɗinmu sai su kama kiɗa, ruwan buta har zobe yake yi. Uwargida ta ce ita fa ba ta yarda da gidan nan ba. Daga baya aka sa wa injin roba mai kauri a ƙafafu, aka matsar da shi jikin bango, abin ya ragu sosai. Ya ragu na ce, ban ce ya tafi ba.

Ɗalibi: Baba, Allah Ya ƙara haƙuri. Ni a Kalifoniya nake karatu, inda girgizar ƙasa ce abin tsoro, kuma a nan rashin nauyin riba ne, don ƙarfin da ke bugun gini yana tafiya ne da nauyinsa. A 2023 na bi gwajin da aka yi a Jami'ar Kalifoniya ta San Diyego. Bene mai hawa 10 aka gina sukutum a kan teburin girgiza, aka sake masa motsin girgizar Northridge ta 1994 da ta Chi-Chi ta Taiwan ta 1999. Bangayen an yi su ne don su ɗaga gindi su jirkita, sandunan ƙarfe da aka ɗaure tamau su dawo da su tsaye. Wallahi ina kallo gabana na faɗuwa, amma ginin ya miƙe abinsa.

Bazazzagi: Na gode ƙwarai. To Injiniya, me zan tambayi mai ginin kafin mu sa hannu?

Injiniya: Ka ce a nuna maka rahoton gwajin motsin daɓe, na bayan kammala gini, ba lissafin zane ba. Ka tambaya ko an zuba kankare a kan katakon. Sannan ka koma da abokin aiki mai jiki, ka zauna a kujera daidai tsakanin ginshiƙai biyu, shi kuma ya yi ta kai da komowa. A zaune ake fi jin sa.