Seleniyom ga mai fama da sefsis: abin da muka gani da idonmu

Wata 'yar'uwa daga Garwa: Assalamu alaikum. Yau kwana huɗu mahaifiyarmu tana kwance a sashen kulawa ta musamman, bayan ciwon huhu ya rikiɗe ya zama sefsis, wato mummunan martanin da jiki ke mayarwa ga ƙwayoyin cuta har ya lalata sassansa, har ƙodarta ta fara kasawa. Yayanmu da ke Faransa ya aiko da kuɗi ya ce lallai a nemo mata seleniyom, amma likita ya ƙi rubutawa. Ina roƙon duk wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya faɗa mana abin da ya gani.

Ma'aikacin jinya daga Marwa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Maganar yayanku tana da tushe, domin seleniyom sinadari ne da jiki ke buƙata ɗan kaɗan, kimanin maikirogiram 55 a rana ga baligi (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), kuma yakan ragu ƙwarai a jinin mai sefsis. Wani gwaji na Jamus da aka fitar a 2007 ya sa mutane da yawa sa rai cewa seleniyom zai taimaki masu sefsis, ni ma ina cikinsu. Sai dai a 2016 an fitar da wanda ya fi shi girma, a Jamus ɗin dai, inda aka raba marasa lafiya 1,089 aka riƙa ba wasu maikirogiram 1,000 kullum ta jijiya, amma da aka ƙirga bayan kwana 28 mace-mace ba su ragu ba. Shi ya sa ƙa'idojin duniya na jinyar sefsis na 2016 suka ce kada a bayar da shi ta jijiya don wannan ciwo. A shekarun da na yi a bakin gado, waɗanda na ga sun tashi galibi su ne aka yi wa saurin maganin kashe ƙwayoyin cuta da ƙarin ruwa, aka kuma gano inda cutar take ɓoye.

Wani uba daga Kusiri: Zan faɗi kuskurena ko wani zai amfana. Lokacin da hanjin ɗana ya fashe, na sayo ƙwayoyin seleniyom ina daka masa da yawa a kunu a ɓoye, har ya fara amai bakinsa yana warin tafarnuwa. Da warin nan wata ma'aikaciyar jinya ta gane, ta yi mini faɗa, kuma ta fi ni gaskiya. Bai samu sauƙi ba sai da aka sake buɗe cikin aka kwashe mugunya.

Wata Hajiya daga Injamena: 'Yata, maigidana kwana biyar muna yi masa maganin zazzaɓin cizon sauro a gida kafin mu kai shi asibiti, kuma bai dawo ba. Har yau jinkirin nan ne ke damuna.

'Yar'uwa daga Garwa: Allah ya jiƙansa da rahama, Hajiya. Na gode muku duka. Na yi wa Yaya bayani ya amince, kuɗin kuma mun biya gwajin jini da magungunan da likita ya rubuta. An ce idan ta fara cin abinci mu riƙa kawo mata ƙwai da kifin Binuwai, tunda akwai seleniyom a cikinsu. Da asubar yau ta buɗe ido ta kira sunan ƙanwata, don Allah ku ci gaba da sa ta a addu'a.