Neman tsohon hukuncin gona a Kazaure

Mun tattauna batun wani mutum mai neman kwafin tsohon hukuncin da kotu ta yanke kan gonar kakansa a Kazaure. Shawarar da ta fi rinjaye ita ce ya fara tantance shekarar da aka yi shari'ar. Kafin 1968 kotunan alƙalai a hannun En'e (hukumar gargajiya ta sarakuna) suke, daga baya suka zama kotunan yanki ƙarƙashin gwamnatin jiha. Kuma kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991, Kazaure cikin Jihar Kano take, don haka takardar ɗaukaka ƙara a Kano zai fara nemanta, ba Dutse ba. Wajen zuwa Dutse bisa kuskure ne mutane ke asarar kuɗin mota, abin yana damuna ƙwarai. Wani dattijo ya ba mutumin shawarar ya nemi tsohon magatakardan kotun, ya riƙe sunan alƙali da na dagaci. Takardun zamanin Turawa kuwa, sai gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna.