Masu shagon aski, in ƙara kujera ta uku ko in haƙura?

Baban Ilham: Salam jama'a. Ina da shagon aski a Kurna, kujera biyu, haya dubu 360 a shekara, man janareta da ƙananan abubuwa kamar dubu 5 kullum, aski 700. Daren Alhamis da safiyar Juma'a layi har waje wasu na juyawa, amma Litinin zuwa Laraba sai dai hira. Kai nawa zan yi a rana kafin in ce na fita?

Ɗan Fagge: 700? Mu nan 1,000 ne wallahi, kai kake karya mana kasuwa

Abu Hanifa: Haba, wajenmu har yanzu 500 ne kuma da ƙorafi ake biya.

Malam Akawu: Hayarka dubu 1 ce a rana, haɗa da dubu 5, dubu 6 ke nan ko ka yi aski ko ba ka yi ba. A 700 cire reza da sifirit da hoda 100, yaro ya ɗau 300, saura 300. Sai ka yi kai 20 ka maida kuɗinka, daga na 21 riba take farawa.

Oga Kilifa: Ni dai kar ka ɗau sabon yaro. Na ɗauko wani ko riƙe kilifa bai iya ba, na koya masa, abincinsa a gidana, ranar da ya yanki kunnen wani yaro ni na je na ba uban haƙuri, da hannunsa ya faɗa dab da ƙaramar sallah ya buɗe nasa a tsallaken titi ya kwashe min kwastomomi, har yau abin yana cina.

Mai Shayi: Masu sanƙo fa, rabin kuɗi za mu riƙa karɓa musu? 😂

Oga Kilifa: Shi Akawu ya taɓa riƙe shago ne? Lissafin takarda daban.

Malam Akawu: Ban taɓa ba, amma kujerar da za ta yi aiki kwana biyu a sati ta jawo ƙarin mai da fanka, wa zai biya?

Ɗan Fagge: Duk mai ne ya kashe mu, tun da aka cire tallafi a 2023 ba mu dawo daidai ba. Ka sa sola kawai.

Abu Hanifa: Sola da wane kuɗin? Mu da aka ce muna Band A, wato rukunin da aka fi ba wutar NEPA, tun Afrilun 2024 katin mita kwana kaɗan ya ƙare, awa 20 ɗin da aka yi alkawari kuma ba ma gani. Ku unguwarku awa nawa ake ba ku?