Uwar adashinmu ta dawo coci, benci ɗaya muke zama

Maman Biyu:
Salama, 'yan'uwa cikin Almasihu. Manja da garin rogo nake sayarwa a Kasuwar Sabon Gari. Bara uwar adashinmu, 'yar Zumuntar Mata kamar ni, ta yi layar zana da zubin wata biyar. Nawa kaɗai naira dubu 100, kuɗin hayar shago. Ranar Lahadi sai ga ta, ta rame, ta zauna a bencinmu. Lokacin Jibin Ubangiji, daga hannunta tiren ya iso nawa. Na ɗauki gurasar, amma da ƙyar ta wuce maƙogwaro. Kullum Fasto yana cewa ta alheri aka cece mu. To alherin nan, cewa ya yi in bar mata kuɗina?

Dattijon Brigade:
'Yata, sannu da haƙuri. Buɗe Matiyu 18. An yafe wa bawa bashin maƙudan kuɗi, talanti dubu goma, ya fito ya shaƙe ɗan'uwansa a kan dinari ɗari. Dinari ɗaya ladan wunin lebura ne, kin ga ɗari ba ƙaramin kuɗi ba ne, Yesu bai raina shi ba. Ya dai ajiye shi kusa da wancan bashin. Ni da na fara tuna nawa aka yafe mini, sai wanda nake bi bashi ya daina zama ɓarawo kawai a idona, na ga mutum mai 'ya'ya.

Anti Tela:
Baba, a gafarce ni, amma kada a mayar da alheri bargon rufe cuta. Zakka da Yesu ya shiga gidansa, ninki huɗu ya ce zai mayar wa waɗanda ya zalunta (Luka 19:8). 'Yar'uwa, ki yafe a zuciya, ki gaishe ta, amma ku zauna gaban dattawa biyu a rubuta yadda za ta biya. Littafin adashi kuwa, kada ya sake komawa hannunta.

Maman Biyu:
Na gode muku. Jiya na gan ta a 'Yankura, da goyo, tana tallan ruwan leda cikin ranar nan. Ta hango ni ta sunkuyar da kai. Na sayi biyu, na tambayi jikin yaron, don tari yake yi. Maganar kuɗi ta zo bakina ta koma. Anti, Asabar za mu je wurin dattawan. Ita ce ma ta ce in sa rana.