Cin abinci a waje lokacin korona a New York: abin da jama'a suka faɗa

1. Kusan kowa ya yarda zama a waje ya fi, tun da aka ba gidajen abinci izinin fito da tebura bakin titi a Yunin 2020. Iska na kaɗawa, tazarar ƙafa 6 tsakanin tebura.

2. Takunkumi a fuska har abinci ya iso, in mai kawowa ya matso a mayar.

3. Rumfunan roba da aka rufe ruf da sanyi ya shigo, da yawa sun ce ai ɗaki ne kawai, nima haka na gani gaskiya.

4. Inda aka rabu: ƙananan gidajen haɗa giya masu motocin abinci a harabarsu. Wasu sun ce a sayi abincin a wuce, wasu sun ce musulmi ko kusa da wurin kar ya je.